Gatana ta san ita ƙarya ce, vokal ne bai sani ba

 

Maganar da muke tafe da ita yau ta daɗe tana yawo a fadodi da cikin gidaje, ita ce ta littattafan nan da ake karantawa ana saurare a salula. Da can soyayya ta fi yawa, kishiya da uwar miji da Alhaji mai kuɗi. Yanzu kunnen matasa ya fara karkata ga wani iri, labarin kisa. Gawa a rijiya, gawa a kango, wani da ba a san ko wane ne ba yana yi ma mutane ɗauki ɗai-ɗai, gari ya ruɗe. Mai kabu-kabu na jiran fasinja da abin ji a kunne, tela na taka keke yana saurare, yarinya na wanke-wanke salula na bisa turmi. Dattawa da dama sun ce a hana, wai ana koya ma yara kisa, ana kuma cusa musu tsoro. Mun ji su, kuma ba mu ce maganarsu banza ce ba. Amma mu ba hani muke nema ba. Muna son ma wani ɗan Adar ko wata ɗiyar Adar su zauna su rubuta mana irin wannan labari da kayan gidanmu, da Dodonmu da kurarmu, bisa sharaɗin da za mu faɗa a gaba.

Ga wanda bai san irin littafin da muke nufi ba, a ƙasashen Turawa sana'a ce mai zaman kanta. Wani marubuci ɗan Sikotilan, Craig Russell, ya fitar da littafi a 2006 mai suna Brother Grimm. A birnin Hambug na Jamus ya kafa labarin: ana tsintar gawarwaki, kowace an ajiye ta yadda za ta yi kama da wata tatsuniyar yara da kowane Bajamushe ya sani tun yana goye, sai ɗan sanda ya koma karatun tatsuniya don ya gane inda makashin ya dosa. Tun kafin shi, a 1939, Agatha Christie ta Ingila ta tara mutum goma a wani tsibiri, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin wata waƙar wasan yara. Mi ya sa marubutan nan ke komawa ga abin yara in suna son su tada ma manya tsigar jiki? Saboda abin yaran tun asali ba mai sanyi ba ne. Tatsuniyoyin da ƴan'uwan nan biyu, Grimm, sunka tattara sunka buga a 1812 cike suke da iyayen da sunka yar da ɗiyansu a daji saboda yunwa, da tsohuwa mai kiwon yaro don ta ci.

Waɗanda sunka yi lakwal a cikinmu wataƙila sun gamu da Barbe Bleue, mai shuɗin gemu, a cikin tatsuniyoyin da Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697. Attajiri ne mai auri-saki a idon duniya, ashe ba saki yake ba, yanka matan yake yana tarawa a wani ɗaki da ya hana amarya buɗewa. Bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya, sai Faransa ta ga irinsa da idonta. Henri Landru, lokacin yaƙin duniya na farko, yana sa talla a jarida wai shi mai neman aure ne, yana jan zawarawa zuwa wani gida a ƙauyen Gambais, ba a sake ganinsu. Jaridu sunka laƙaba masa sunan mai shuɗin gemu. An kama shi a 1919, an yanke masa hukunci a kan mata goma da ɗan ɗaya daga cikinsu, an sare kansa a 1922. Ku riƙe yadda anka kama shi, don za mu dawo kai. Ƴar'uwar ɗaya daga cikin matan ce ta ƙi haƙura, ta yi ta nema har wata ƙawarta ta gan shi a wani kanti a Paris. Sannan anka samu ɗan littafinsa na lissafi, inda yake rubuta kuɗin jirgin ƙasa: nasa tikiti zuwa da dawowa, na matar zuwa kaɗai.

To mu fa? Duk wanda ya kwanta a tabarmar kakarsa ya san gatanarmu ba ta fi ta Turawa sanyi ba. Dodo na haɗiye gari sukutum da shanunsa. Kura na yin shigar mutane ta zo baƙunta. Kishiyar uwa na aika marainiya inda ta san ba a dawowa. Ga kuma wadda kusan kowane gari ke da irin tasa, ta budurwar nan da ta ce ba ta auren mai tabo ko ɗaya a jiki. Ta kori samarin garinsu duka, sai ga wani baƙo santalele, fata sumul, ta ce shi take so. Anka ɗaura aure, sunka kama hanya, tun kafin a kai gida ango ya fara mayar da kayan aro, har ya koma abin da yake tun asali. Wannan ai Barbe Bleue ne da bakin Hausa, kuma ba daga littafin Bature kakanninmu sunka koyo ta ba. Baturen mulkin mallaka Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawansu malaman ƙasar Sakkwato sunka rubuta masa da ajami, nan maƙwabtanmu. Shi kuma Abubakar Imam, da ya zo rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya ya sa musu riga da hula, har yau mutane da yawa ba su san baƙi ne ba. Wato wannan cuɗanya tsohuwa ce, ba salula ta kawo ta ba.

Idan haka ne, mi ya sa ba mu tashi duk mun zama makasa ba, mu da munka sha labarin Dodo tun muna tsirara? A ganinmu amsar na cikin yadda ake ba da gatana, ba cikin abin da ke cikinta ba. Gatana tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Ba a yin ta da rana, sai dare bayan tuwo. Mai bayarwa sai ta yi sallamar gatana, yara su amsa, kowa ya san an bar duniyar gaske an shiga ta Gizo. In an gama ta ce ƙurunƙus, ta kuma faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shara, ta ɗora ma Gizo laifin. Yaro ya ji tsoro iya tsoro, amma yana jingine da cinyar wadda ta ba shi tsoron, kuma ita ce za ta rufa masa zane. Ba wanda ya taɓa tashi daga tabarmar gatana ya ɗauki taɓarya ya fita neman Dodo a gidan maƙwabci.

Yanzu ku auna wannan da saƙon murya, vokal ɗin nan da ke faɗowa a salula ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Shi ma labarin Dodo ne, kayan duk iri ɗaya. Wata mota mai baƙin gilashi na yawo tana ɗaukar yara. Wata mata mai niƙabi na raba alewa a ƙofar makaranta. An kama wani da kan mutum a buhu. Wani baƙo ya gaisa da wani a kasuwa, gabansa ya ɓace, shafi-mulera ta dawo. Sai dai shi vokal ba ya da ƙofar shiga, ba ya da ta fita. Da wallahi tallahi yake farawa, ya ƙare da ku tura ma ƴan'uwa don Allah. Mai maganar ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin rana, garin kuwa yau a ce Sakkwato, gobe muryar nan dai a ce Madawa, jibi a ce Dogon Dutsi. Hoton da anka haɗa da shi sau da yawa na wata ƙasa ne, na wata shekara. Uwa ta ji, cikinta ya ɗuri ruwa, ta tura ma zauren danginsu da na ƴan adashe, don a ganinta taimako ta yi. Ba mu ga laifin tsoronta ba. Amma kashegari da safe akwai mutum ɗari a gari da ke kallon duk baƙuwar fuska da ido ɗaya, kuma abin da ya rage kawai wani ya ɗaga murya ya ce ga shi nan.

Inda wannan ke ƙarewa ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya, anka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta Hausawa da ke komawa Kano yin Sallah daga wajen Fatakwal. An ga bindigogin farauta, anka ce masu satar mutane ne, anka kashe mutum 16, anka ƙone su. A watan Oktoba na 2012, a ƙauyen Aluu kusa da Fatakwal, ɗalibai huɗu na jami'a anka yi ma ihun ɓarayi, anka yi musu duka anka cinna musu wuta, jama'a na ɗauka a salula. Wani masani Bafaranshe, Julien Bonhomme, ya rubuta littafi guda a 2009 kan jita-jitar satar mazakuta da ta zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma cikin abin da ya lura da shi akwai cewa wanda ake zargi kusan kullum baƙo ne, sau da yawa ma Bahaushe. Wannan ya isa ya sa mu tsaya. Adar ƙasar biɗa ce. Da wuya a samu gida daga Badagishiri zuwa Dogarawa da ba ya da ɗa ko miji a wata ƙasa, yana tura baro ko yana tallar agogo a garin da ba a jin harshensa. A can, shi ne baƙon da vokal ke magana a kai.

Mu kuma nan gida baƙi ne abincinmu. Konni bakin iyaka ce, taku kaɗan ka shiga Illelar Najeriya. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta cikinmu ta ratsa, a Tsarnawa ta rabu zuwa Tawa. Direbobin manyan motoci na kwana a Malbaza suna jiran lodin siminti, ƴan kasuwar albasa na sauka Galmi daga ƙasashen gaɓar teku, marasa lafiya na zuwa likitar Galmi daga nesa da masu jinyarsu. Ga almajirai, ga makiyaya, ga waɗanda ƴan bindiga sunka kora daga ƙauyukansu na ƙasar Sakkwato sunka tsallako da abin da hannu ya iya ɗauka. Kuma tsoron namu ba na banza ba ne, satar mutane don kuɗin fansa gaskiya ce a wannan iyaka, akwai gidajen da sunka sayar da gona da bisashe don su karɓo nasu. Wurin da tsoro na gaske ya riga ya jiƙa ƙasa, nan ne jita-jita ta fi saurin tsira.

Abin da gatana ba ta faɗa ma yaro ba, don yaro ne, shi ne cewa Dodon gaske ba ya da wutsiya, kuma ba kullum daga daji yake fitowa ba. Duk mai jin Hausa ya ji labarin Hanifa, yarinya ƴar shekara biyar da anka sace a Kano a watan Disamba na 2021. Ba mota mai baƙin gilashi ba ce. Mai makarantar da take karatu ne, wanda ta sani, wanda iyayenta sunka amince ma. An kama shi wajen karɓar kuɗin fansa, an tono gawarta a harabar makaranta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. A Fatakwal a 2019 an yi ta tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal, an shaƙe su iri ɗaya, gari ya cika da maganar ƴan asiri. Kyamarar wani otal ce ta nuna fuskar mutumin, Gracious David-West, anka kama shi, kotu ta yanke masa hukunci a 2020. Ku duba su duka har da Landru. Ba taron jama'a da sanduna ya gano ko ɗaya daga cikinsu ba. Littafin lissafi ne, da kyamara, da bin sawu, da wata mata da ta ƙi mantawa da ƴar'uwarta.

Mu mutanen Konni ma bai kamata a koya mana wannan ba. Kisa mafi muni da garin nan ya taɓa gani, a watan Mayu na 1899, ba aljani ya yi shi ba. Hafsoshin Faransa ne biyu masu suna da lamba a kafaɗa, Voulet da Chanoine, bayan sun baro Lugu ta Sarauniya. Kuma yadda asirinsu ya tonu a Paris, ta takarda ne: wani hafsa da sunka kora daga ayarin, Péteau, ya rubuta ma budurwarsa wasiƙa ya zayyana abin da ya gani tun farkon tafiya, wasiƙar ta kai hannun hukuma. Anka turo Kanar Klobb ya biyo sawunsu, yana bin ƙonannun garuruwa yana rubutawa, ya ratsa ta Konni ya ga abin da anka bari, har ya cim musu a wajen Tasawa inda Voulet ya sa anka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Klobb ba waliyyi ba ne, shi ma sojan mamaya ne. Amma da ba don abin da anka rubuta ba, da abin da kakanninmu sunka riƙe a baki sunka miƙo, da yau sai a ce mana almara ce.

A nan ne littafin bincike ke da amfanin da vokal ba ya da shi. Vokal na ce maka ka yi sauri. Littafin bincike na tilasta maka ka jira. Babi na uku ka rantse mai gadi ne, babi na bakwai ka ga ashe mai gadi na likita a daren, kunya ta kama ka kai kaɗai a ɗakinka, ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Wanda ya saurari irin wannan sau ashirin, ya saba da jin cewa zatonsa na farko na iya zama kuskure. Marigayi Moussa Konaté na Mali, wanda ya rasu a 2013, ya nuna ana iya yin haka da kayan gida. A littafinsa L'Empreinte du renard na 2006, samari na mutuwa a ƙasar Dogon, mutanen gari na danganta abin da asirin kakanni. A La Malédiction du Lamantin na 2009, masunta Bozo na bakin kogin Kwara sun ce fushin ayu ne, mai ruwa. Kwamishinansa Habib ba ya raina tsofaffi, yana zama yana saurarensu, amma ba ya barin tambayar wa ya amfana, wa ya ga mi, ƙarfe nawa. A Najeriya ma Femi Kayode ya gina littafinsa Lightseekers na 2021 a kan irin abin da ya faru a Aluu, yana tambayar yadda gari guda ke tashi ya kashe yaran mutane.

Kada wani ya ce wannan tambaya ta ina shaida ɗabi'ar Nasara ce. Tana cikin kayanmu. A labarin Bayajida, da gari ya waye anka ga an kashe macijin rijiyar Kusugu, manyan Daura sun yi ta cewa su ne. Sarauniya ba ta ɗauki maganar mai babbar murya ba, kan macijin anka nema, wanda ya fito da shi shi ne mai gaskiya. A gatanar Auta da Dodo, takalmin da anka tarar a wurin gawar shi anka bi ana gwada ma mutane har anka samu mai shi. A gatanar mai ƙin tabo, a bakin tsofaffi da yawa, ƙaramar ƙanwa ce ke lura da abin da manya ba su gani ba a jikin ango, a yi mata tsawa a ce ta cika surutu, daga baya ita ke fidda yayarta. Ga mai bincikenmu nan tun fil azal, yarinya ƙarama mai ido, wadda ba a saurare. Addini kuma ya riga kowa: aya ta 6 ta Suratul Hujurati umurni ce a tantance labari kafin a afka ma mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Malamanmu na karanta ta a wa'azi, sai dai ba mu cika jin an haɗa ta da maɓallin turawa na WhatsApp ba.

Sharaɗin da munka ce za mu faɗa ga shi. Marubucin da zai ɗauki Dodo ya sa shi cikin labarin kisa a ƙasar nan, kada ya ba jama'a wanda sunka riga sunka zarga. Mun gaji da labarin da tun shafi na farko an san boka ne, ko ɗan bori, ko Bafillacen ruga, ko mahaukacin bakin kasuwa, ko tsohuwar da ɗiyanta sunka mutu anka ce mayya ce. Waɗannan su ne ake fara jifa in gari ya ruɗe, littafin da ya ƙara nuna su da yatsa vokal ne mai dogon zango. Muna da Masalata nan kusa da Konni, inda ake buɗin daji kowace shekara, kuma mun san marubuci zai ji kwaɗayin ya kai labarinsa can don ya yi armashi. Ya kai, amma ya kai da mutunci, ya bar mai sauraro ya zarge su in ya ga dama, sannan ya nuna masa makashin na sahun gaba a masallaci ko yana bayan tebur a ofis, yana amfani da tsoron Dodo ne don a kalli wani wuri. Kada kuma ya mayar da makashin gwarzo mai wayon da ya fi na kowa, yara su riƙa sha'awarsa. Kada ya zayyana yadda ake haɗa guba ko yadda ake ɓatar da sawu kamar mai koyar da girki. Wadda anka kashe ya ba ta suna da uwa da abin da take son zama, kada ta zama gawa ta uku kawai.

Mai binciken ma ya zama namu. Ba mu son ɗan sandan fim ɗin Amurka mai na'urar da ke faɗin sunan mutum daga gashi guda. Muna son jandarma da motarsa ba ta da mai, da shaidun da kowa ya ce bai ga komi ba don gudun zuwa kotu, da dangin da ke son a yi jana'iza kafin azahar alhali likita bai duba gawar ba, da dattijon da zai ce a bar ma Allah don wanda ake zargi surukin wani babba ne. Muna son ungozoma ko malamar lakwal da ta lura yara uku da sunka ɓace duk hanya ɗaya suke bi zuwa ɗiban ruwa. Muna son makashin da ya san in ya tsallaka iyaka da babur cikin minti ashirin, takardar neman sa sai ta yi wata tana yawo tsakanin ofisoshi. A nan ne labarin yake, kuma duk mai sauraro daga Tajaye har Bazaga zai gane garinsu a ciki. Hanya ma ba sabuwa ba ce a Hausa. Tun 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya kan fasa-ƙwauri da cin hanci, Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa kan tsohon soja da ya kafa ƙungiyar ta'addanci. Abin da ya rage shi ne a ji irinsu da bakin Adar, don kusan duk abin da ke cikin salularmu daga Kano da Kaduna yake zuwa, da unguwanninsu da nairarsu.

Ga iyaye masu cewa a hana, inda muke tare da ku shi ne nan: yaro ɗan shekara goma da abin ji a kunne, shi kaɗai cikin duhu, yana sauraren yadda anka yanka mutum, wannan ba gatana ba ce, don ba cinyar da zai jingina. Masu karanta littattafan nan su riƙa faɗa tun farko cewa ƙagaggen labari ne kuma ba na yara ba ne, su maimaita a ƙarshen kowane kashi, yadda kaka ke rufe tata. Mun ga inda ake yanko tsakiyar labari, a cire farkon da ƙarshen, a tura shi a matsayin abin da ya faru jiya a wani gari. Mai yin haka ya sani dokar 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai baza abin da ka iya tada hankalin jama'a, ko da yake mu ba mu ɗauka kurkuku ce za ta gyara wannan ba. Amma ku ƙwace littafin ku bar vokal, kun kori wanda ya ce muku shi ƙarya ne kun bar wanda ke rantsuwa. In za a yi faɗa a gida kan abin da ke cikin salula, a fara da tambayar wa ya turo, shi wa ya gaya masa, a wane gari, wace rana. In da gaske ne yaro ya ɓace, mai unguwa da jandarma da gidan rediyo sun fi zauren WhatsApp kusa, kuma su za a iya komawa a tambaye su gobe.

Gidajen rediyonmu na gari na da fili da dare wanda waƙa kawai ke ci. Da za su ba tsofaffi mata rabin awa a mako su yi gatana da bakinsu, da sallamarta da ƙurunƙus ɗinta, da marubucin da muke jira ya samu inda zai ɗebo. Kafin nan, duk wanda ke da kaka ko gwaggo da ta iya, ya ɗauki muryarta da izininta ya turo mana, ya faɗi sunan garin. Muna son mu ji ta mai ƙin tabo yadda ake ba da ita a Illela da yadda ake ba da ita a Gidan Idar, don an ce mana ƙarshensu ba ɗaya ba ne.